Takardar da Na Dunƙule Ranar Sunanki

Ummi, ban kai shekarun da mutum yake zama ya rubuta tarihinsa ba. Babu furfura a kaina, abin da na gani a duniya kuma bai cika littafi ba. Amma akwai wata shekara da nake so ki ji labarinta daga bakina, kafin ki girma ki riƙa tsintarsa guntu-guntu a bakin dangi, kowa yana yi mini sassauci. Ba na son sassaucin. Ke da ƙaninki kun san hoton tsohon nan da ke jingine a kan kantar littattafai, mai hular da ta karye gefe guda. Kun san mahaifina ne, kakanku. Abin da ba ku sani ba shi ne abin da na yi masa a cikin falon nan da kuke wasa.

Sunansa Alhaji Tijjani Akanbi, amma daga Ilori zuwa Ikko ba wanda ya san shi da wannan. Baba Elewe ake ce masa, wato mai ganye. Tun yana saurayi ya shiga wasan kwaikwayo, zamanin da 'yan wasa ke yawo gari-gari a bayan babbar mota da gangunansu da labulensu, su kwana a azuzuwan makaranta, gari ya waye su wuce. Motar ce ta lalace musu a Sabon Garin Zariya. Suna jiran makaniki ya kai rigar wasansa da ta yage shagon wani tela a Tudun Wada, ƙanwar telan ce ke sa maɓallai. Bayan an gyara mota sai ya riƙa dawowa da riga yagaggiya, sau ɗaya, sau biyu, har telan, wato Kawu, ya gane da hannu ake yaga ta. Haka ya auri mahaifiyata, ya kafa gida a Zariya, ya koyi Hausa har yana karin magana da ita, ko da yake harshensa bai taɓa daina rera ta kamar waƙa ba. Da zamanin kaset ya zo ya bar dandali ya koma gaban kyamara, daga baya ya fara shirya nasa finafinan. Yakan tafi kudu wata guda, ya dawo da ƙurar hanya da buhun garin alabo. Ba ya rubuta wa 'yan wasansa magana. Yakan tara su a gindin bishiya ya ba su labarin, ya ce ga inda za a fara, ga inda za a tsaya, abin da ke tsakani kowa ya nemo a cikinsa.

Boka yake fitowa. Kusan kullum boka. Yana da idanu manya da murya mai zurfi, in ya shafa alli a fuska ya rataya layu da ƙahonni, ko ni da na san shi sai na ɓuya a bayan kujera. Surkullen da yake yi, wanda ke sa masu kallo su kama bakinsu, sunayen ganyayen miya ne da mahaifiyarsa ke sayarwa a kasuwa, yana jero su da sauri cikin fushi. Kuma bai taɓa yarda ya fito a fim ɗin da boka zai ci nasara ba. Ya mutu a fim har ya daina ƙirgawa: tsawa ta faɗa masa, ya haukace, ƙasa ta haɗiye shi. In an ce an gama ɗauka, sai ya wanke allin, ya yi alwala da sauran ruwan, ya nemi alƙibla. Na san duk wannan. Amma 'yan ajinmu ba su sani ba. Su dai hotonsa suke gani manne a shagon masu kaset a bakin kasuwa, da jan ƙyalle a goshi. Ina aji huɗu wata yarinya ta ƙi karɓar ƙosai daga hannuna, ta ce kada 'yar boka ta mayar da ita akuya. Dariya aka yi, ni ma na yi. Daga ranar na koyi faɗin rabin gaskiya, na kuwa ƙware. Na yi karatun adabi a jami'a, na rubuta waƙoƙi a kan ruwan sama da kewar mahaifiyata bayan ta rasu, ban taɓa rubuta layi ɗaya a kansa ba. Da Abbanki ya fito neman aurena, injiniya ɗan Katsina mai aiki a Doha, na ce masa mahaifina harkar kaset yake yi. Bai ƙara tambaya ba, na gode wa Allah. Ranar ɗaurin aure Baba ya zo da zanna bukar da tabarau, ya zauna cikin taro kamar kowane dattijo.

Ina da cikinki wata takwas, a farkon shekarar korona, ya kira ni ya ce zai zo Doha. A wajen Yarabawa uwa ce ke zuwa ta yi wa jariri wanka, ni kuma ba ni da uwa. Ya ce ya ga yadda mahaifiyarsa ke yi, kuma shi duk abin da ya gani sau ɗaya zai iya kwaikwayonsa, sana'arsa ke nan. Abbanki ya yi masa biza ta wata ɗaya. Ya sauka da 'yar jakarsa da sabulun salo da soso, bai yi mako biyu ba aka rufe sama. Jirage suka tsaya, aka rufe masallatai, ladan ya riƙa cewa kowa ya yi salla a gidansa. Gidanmu a Al Mirkab ɗaki biyu ne a hawa na biyar. Baba yakan ja kujera bakin taga ya kalli titin da babu kowa sai motar kai saƙo. Ya ce hasken garin nan ya yi yawa, ba a bar wa inuwa wurin zama ba, in shi ne zai ɗauki fim a nan sai ya jira la'asar. Abokin hirarsa ɗaya ne, Malam Awudu mai gadin gininmu, mutumin zangon Kumasi. Sukan tsaya nesa da juna a bakin lifta, kowa da takunkumi, suna gardama kan wa ya iya dafa shinkafa tsakanin Gana da Najeriya. Nakan leƙa ta ƙofa in saurara, in ji ko Malam Awudu zai gane muryar. Takunkumin nan da kowa ke kuka da shi, ni sai na ji ina son sa, don ya rufe rabin fuskar mahaifina. Ki ji irin 'yar da na kasance.

Aka haife ki ana saura kwanaki kaɗan azumi. Baba ya yi miki wankan farko a robar wanki, ya murza ki da soso, ya lanƙwasa hannuwanki ta baya, ya cilla ki sama ya cafe. Na yi ƙara, Abbanki ya rufe ido. Ke kuwa kika yi atishawa kika yi barci. Duk satin shi ke dafa mini ruwan zafi, shi ke kirɓa sakwara a tukunya da muciya tunda babu turmi, yana yi miki waƙa a hankali da yarensu.

Sunan a waya aka shirya yin sa. Za a yanka rago a Katsina, liman zai raɗa suna a zauren gidan su Abbanki, mu kuma mu zauna a falo a nuna ki ta bidiyo. Dangi na Katsina da Kano da Ikko za su shigo, da abokan aikin Abbanki na nan Doha da matansu. An riga an yanke cewa sunan Hajiya za ki ci, kakarki ta wajen uba, shi ya sa muke ce miki Ummi, don ba mai kama sunanta a gidan nan.

A gidan su Baba kuwa ba suna ɗaya ake ba jariri ba. Kowane babba a dangi yakan rubuta sunan da ya zaɓa a 'yar takarda, ya naɗe, a sa a farin kwano. Uban jariri ya buɗe ɗaya bayan ɗaya ya karanta da ƙarfi, jama'a su maimaita, a ɗiga wa jariri zuma a harshe, a taɓa masa gishiri da ruwa ana addu'a. Daga ranar wanda ya ba da sunan da shi zai riƙa kiran yaron har ya mutu, ko da duniya duka tana kiransa da wani. Ni Rashida ce a wurin kowa, a wurinsa Abeke ce. Amma sunan da ba a karanta a gaban mutane ba bai zama suna ba, mai shi ba zai kira shi ba.

Da safen, ana saura rabin awa a fara, na fito daga ɗaki na same shi tsaye a falo. Ya sa babbar rigarsa ta saƙi mai nauyi, wadda ashe tun daga Zariya ya naɗo ta a ƙasan jaka, ya karya hularsa gefe. A hannunsa farantin tangaran ne, da zuma a murfin kwalba, da ɗan gishiri, da ruwa a kofin shayi, da takarda a naɗe. Ya cire takunkumi. Ya yi kyau ƙwarai, Ummi. Amma ni abin da na gani shi ne hoton bakin kasuwa. Da hular nan da farantin nan, alli kawai ya rage. Na tuna ƙanin Hajiya da ya shekara talatin yana fataucin albasa a Ikko, na tuna matan abokan Abbanki da muke gaisawa da su cikin ladabi. Na ji muryar yarinyar nan mai ƙosai. Abbanki yana ɗaki yana fama da waya, sai na matsa kusa na yi ƙasa da murya.

"Baba, farantin nan a kai shi kicin. Mutanen Katsina ba su san wannan ba, za su ɗauka wani abu ne."

Ya dubi farantin, ya dube ni.

"Zuma ce, Abeke."

"Na sani. Kuma Baba, ba mu da mai riƙe waya. Kai ka san aikin kyamara, duk gidan nan ba wanda ya kai ka. Ka ɗauke mu mana."

Na yi zaton dabara na yi. Mutumin da ya shekara arba'in yana karanta fuskokin 'yan wasa, yana gane wanda kukansa na gaske ne da wanda ya shafa albasa. Sai ya ɗauke takardar daga kan farantin ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce in ba Injiniya ya karanta bayan liman ya gama, wannan kaɗai. Na karɓa na ce to. Ya kai farantin kicin, ya dawo da tiren azurfa da nake kawo wa baƙi shayi. Ya sa Abbanki ya juya kujera ta fuskanci taga, ya ja labule rabi, ya jingina tiren a kan littattafaina yadda hasken zai dawo ya sauka a fuskarki. Ya mayar da takunkuminsa, ya naɗe hannun babbar rigarsa a kafaɗa, ya tsaya a bayan waya.

Har yau dangi suna cewa ba su taɓa ganin bidiyon suna mai kyan wannan ba. Hannunsa bai girgiza ba ko sau ɗaya. Da liman ya faɗi sunanki ya matso a hankali har fuskarki ta cika waya, aka yi ta guɗa daga Katsina. Liman ya shafa fatiha. Aka yi shiru kaɗan, irin shirun da in mutum yana da magana a nan zai yi ta. Takardar tana cikin tafin hannuna na hagu, ƙarƙashin zanen da na rungume ki da shi. Na ɗago ido na ga idanunsa a saman wayar, suna jira. Na dunƙule hannuna. Na ji Hajiya tana tambaya ina baban Rashida, ba a gan shi ba. Ni ce na amsa, na ce shi ke riƙe da waya, yana gaishe ku. Ya ɗaga murya daga inda yake ya ce Allah ya raya, Allah ya sa albarka, da Hausarsa mai waƙa. Shi ke nan. Aka kashe waya, ya cire babbar rigar ya ninke, ya shiga kicin ya wanke farantin.

Wata biyar ya ƙara yi da mu kafin a buɗe hanya. Bai taɓa tambayata takardar ba. Ya ci gaba da yi miki wanka, ya yi azumi da mu, ya ja mu sallar idi a falo. Amaryata yake ce miki, irin wasan kakannin Hausa, ya ce kin cika kuka, zai sake ki ya auro 'yar Larabawa. Sau da yawa nakan ji ya buɗe baki zai kira ki, sai ya tsaya kaɗan, sannan ya ce amaryata. Wannan ɗan tsayawar, in na ce miki ban ji ta ba na yi ƙarya. Na sa takardar cikin wani littafin waƙoƙi ban buɗe ta ba, na ce wa kaina ai abin ya wuce. Ranar da zai tafi ba a bar masu rakiya su shiga filin jirgi ba. A mota muka yi sallama, ya leƙo ta taga ya ce in riƙa shafa miki man kaɗanya.

Shekara biyu da 'yan watanni, garin da ya yi tsit ya cika har ya batse. Gasar cin kofin duniya ta zo, tutoci a kowace taga, kiɗa a kowace tasha. Abbanki ne ya dage sai Baba ya dawo ya ga ƙwallo, ya yi masa katin shiga ƙasa. Da ya fito daga filin jirgi sai da na duba sau biyu. Ciwon suga ya cinye shi, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya daina fita aiki, amma ya ce akwai labari ɗaya da ya rage masa, yana jiran ƙafarsa ta yi sauƙi. Malam Awudu ya tare shi a ƙofa da tutar Gana a wuya, ya ce Alaji sannu da zuwa, ai mun ji tausayinku, tunda mun hana ku zuwa wasa ga shi mun bar ku ku zo kallo. Baba ya ce ba komai, in maƙwabci ya yi biki ai kai ma ka ci tuwo, amma ya ga yadda za su kai ƙarshen wata.

Ranar wasan Gana na biyu muka fita da rana mu duka, har ke a kafaɗar Abbanki. A bakin tashar jirgin ƙasa ta metro akwai ma'aikata masu riga mai ƙyalli da ke nuna wa jama'a hanya da wani ƙaton hannun soso. Ɗaya daga cikinsu, magidanci mai tsage a kumatu, yana ta yalla yalla, wato maza-maza da Larabci, sai idonsa ya faɗa kan Baba. Ya saki hannun soson. Ya faɗi wata kalma, sannan a gaban Larabawa da Turawa da 'yan Koriya ya kwanta rub da ciki a kan tayil, yadda 'ya'yan Yarabawa ke gaida iyayensu. Ya tashi ya ƙwala wa 'yan'uwansa kira. Kafin ka ce kwabo mutum shida ko bakwai sun kewaye mu. Suka ce a Sanaiya, unguwar masana'antu, suke kwana, takwas a ɗaki, kuma lokacin kulle, da aka rufe unguwarsu ba shiga ba fita, tsofaffin finafinansa suka riƙa kallo a waya ɗaya. Ɗaya ya ce mahaifiyarsa ta rasu yana nan bai je ba, kuma duk sanda ya ji muryar Baba Elewe sai ya ji kamar yana zaune a ɗakinta. Suka roƙe shi ya yi musu ko kaɗan. Baba ya dube ni. Ni ya duba, Ummi, kamar mai neman izini. Na sunkuyar da kai. Sai ya gyara tsayuwa, ya buɗe idanun nan, muryar ta fito daga wani wuri da ciwo bai kai ba, ya jero sunayen ganyayen miyar kakata. Mutanen suka yi ta tsalle suna riƙe kai. Ke kika ƙyalƙyale da dariya.

Na juya a tsorace in ga fuskar Abbanki. Bakinsa yana motsi. Yana bin Baba kalma da kalma.

A cikin jirgin, Baba ya samu wurin zama can gaba da ke a cinyarsa, mu muna tsaye riƙe da ƙarfe. Na tambayi Abbanki tun yaushe ya sani. Ya ce ai a ƙasar Yarabawa ya yi bautar ƙasa, duk motar da ya shiga fuskar Baba ce a talabijin. Ranar da ya fara zuwa gaisuwa Zariya, da Baba ya yi sallama ya kusa zubar da shayi. Ya gaya wa Hajiya tun kafin a kai kuɗin gaisuwa. Ta yi mako guda ba ta yi masa magana ba, sannan ta aika a bincika, aka ce mata mutumin sahun farko ne a masallacin unguwarsu, ta ce to Allah ya sa alheri. Na ce me ya sa bai taɓa faɗa mini ba.

"Baba ne ya hana. Ya ce ke ce mai labarin, in bar ki ki kawo shi inda za ki tsaya."

Sannan ya ƙara da abin da ya fi ƙona ni. Bayan suna Hajiya ta kira shi ranta a ɓace, ta ce surukin nasu ya raina su ne, yana cikin gida amma ya ƙi nuna fuskarsa a gaishe shi. Shekara biyu ke nan tana riƙe da wannan. Baba ya sani, don Abbanki ya gaya masa, ya ce a bar shi a haka.

Ban ga wasan ba, ko da yake ina cikin filin. Washegari bayan la'asar na ɗauko littafin, na zare takardar, na same shi a kujerarsa ta bakin taga. Na durƙusa da gwiwa biyu, abin da na daina yi tun ina sakandare, na miƙa masa. Bai karɓa ba. Ya ce in tashi, tayil da sanyi.

"Ba tawa ba ce yanzu. Na bayar."

"Baba, ka yafe mini."

"Na yafe tun kafin in gama wanke farantin. Kin san abin da ya dame ni ranar? Kin yi wasan da kyau. Na ce ashe yarinyar nan ta gaje ni, ban sani ba."

Ya yi dariya, ni na kasa. Ya ce abin ba wuya: a samu mutum uku, da zuma, uban yarinya ya karanta. Ko yau ma. Ga Injiniya, ga Awudu a ƙasa, ga shi.

Nan ne na yi kuskure na biyu, kuma shi ne wanda ba ni da wata yarinyar makaranta da zan ɗora wa. Na ce a'a, ba za a yi a ɓoye ba, sai na shirya abin sosai, na kira Hajiya na yi mata bayani, na gayyaci duk waɗanda suka shigo bidiyon farko, na dafa abinci. Na ce a bari hayaniyar ƙwallo ta lafa. Kalmomin suna da daɗi a baki, har ni na yarda da su. Gaskiyar ita ce kiran Hajiya nake tsoro. Kullum in ɗauki waya in ajiye. Gana ta fita, Baba ya yi wa Malam Awudu ta'aziyya har da tafa hannu. Aka yi wasan ƙarshe, aka sauke tutoci. Maganinsa ya kusa ƙarewa, likitansa na Zariya yana jiransa. Na ce to in ya dawo da babbar salla. Ya ce Allah ya kai mu. A filin jirgi ya ɗora hannu a kaina ya yi mini kirarin gidansu, mai tsawo, wanda yake yi mini ina ƙarama in na yi kuka. Ya sunkuya ya sumbaci goshinki. Ya buɗe baki, ya tsaya kaɗan.

"Amaryata, sai wata rana."

Ya rasu saura mako uku azumi, a gidanmu na Zariya, bayan sallar azahar. Kafin in samu jirgi an rufe shi.

Da na dawo Doha na buɗe takardar. Gumin hannuna na ranar ya sa tawadar ta ɗan baje, amma ana karantawa. Ya rubuta Ayoka, wato wadda farin ciki ya kewaye. A ƙarƙashi, da ƙananan baƙaƙe, da Hausa don Abbanki ya gane, ya ƙara kalma uku: in sun yarda. Ashe tun kafin in buɗe baki ya riga ya bar wa dangin Abbanki ƙofa. Ba wanda aka tambaya. Ni kaɗai ce ban yarda ba.

A ranar na kira Hajiya. Na faɗa mata komai, har farantin, har dunƙule hannun. Ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce, "Kin sa na ɗauki alhakin bawan Allah shekara uku, Rashida." Ba ta sassauta ba, kuma na gode mata. Ta ce a kira ta ranar Juma'a.

Ranar Juma'a da la'asar Malam Awudu ya hawo da hularsa ta salla. Na zuba zuma a murfin kwalba, da gishiri, da ruwa a kofin shayi, a farantin nan dai. Hajiya tana cikin waya, mun jingina ta a jikin fulas don babu mai riƙewa. Abbanki ya karanta sunan, Malam Awudu ya maimaita, Hajiya ta maimaita daga Katsina, ta gwada sau biyu kafin ya zauna mata a baki. An ce uwa ba ta kama sunan 'yar fari, amma na faɗe shi da ƙarfi. Kika lashe zumar kika ce a ƙara, sannan kika waiga kina neman wadda ake kira. Muna da bidiyon. Duhu ne, da ƙyar ake ganin fuskarki, taga tana bayanmu, tiren yana kicin ba wanda ya tuna da shi.

Takardar tana cikin littafin, taki ce in kin girma. Finafinansa kuma na tattara abin da na samu, za mu kalla tare, zan faɗa miki wane ganye ne wane. Har yau in na ce Ayoka ba kya juyowa, sai na sake kira. Ban taɓa jin haushi ba. Kiran farkon na kakanki ne.